Fasahar kwantum: inji kuɗɗi ke saye, amma ma'aikaci sai an raine shi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuba jari cikin injin niƙa, ko injin ƙanƙara, ko babbar mota, ya san cewa wahala ba ranar saye take ba. Tana somawa ne ran da injin ya tsaya, aka bi gari lungu-lungu ba a samu wanda ya san cikinsa ba. Sai a zauna jiran makaniki daga Kano ko Kwatano, kwana goma jari yana kwance, yaran aiki suna cin abinci, mai bashi kuma yana ta sallama a ƙofa.

To, irin wannan matsala ce ta samu manyan ƙasashen duniya a yau. Amurka da Sin da Faransa da Ingila da wasu sun zuba kuɗɗi masu ɗimbin yawa cikin wata sabuwar fasaha da ake kira kwantum. Sun gina ɗakunan bincike, sun kafa kamfanoni, sun sayo kayan aiki. Da aka zo ɗaukar ma'aikata sai aka tarar mutanen da suka iya aikin ba su isa ba. Wannan ne ya sa suka koma makarantu, har na ƙananan yara, kuma suka soma waiwayar waɗanda aka daɗe da mantawa da su a fagen kimiyya, wato mata, da baƙaƙen fata, da ɗiyan talakawa.

Mai karatu zai ce, mi ya haɗa mai sayar da atamfa a kasuwar Dole ta Damagaram, ko mai awon hatsi a Maraɗi, da wannan zance? Abu biyu ne: kuɗɗin da muke aikawa ta salula, da kuma yaran da muke biya ma kuɗɗin makaranta.

Mine ne kwantum?

Duk abin da ido ke gani, ƙasa ne ko ruwa ko ƙarfe, an yi shi ne da ƙananan ƙwayoyin da ake kira ƙwayar zarra. Ƙanƙantarsu ta kai a jera miliyan da dama a kan tsinin allura. Masana sun gano cewa a can cikin wannan ƙanƙanta, abubuwa ba su bin dokar da muka saba gani a tsakanin duwatsu da buhunna. Ilmin da ke bayyana dokokin wannan wuri shi ake kira kwantum. A shekarar 1925 ne wani saurayi Bajamushe mai shekara 23, Werner Heisenberg, ya shimfiɗa lissafinsa na farko. Don cikar shekara ɗari da wannan aiki ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2025 ta zama shekarar kimiyya da fasahar kwantum. Ƙasar Ghana ce ta gabatar da buƙatar a gaban babban zauren Majalisar, aka amince da ita ranar 7 ga watan Yuni na 2024.

Mun daɗe muna cin moriyar wannan ilmi ba tare da mun san sunansa ba. Ƙaramin maɓallin nan da ake kira taransisto, wanda aka ƙera a Amurka a 1947, kuma yau akwai miliyoyinsa a cikin kowace salula, daga wannan ilmi ya fito. Haka farantin sola da ke kan rufin shago, da ƙwan fitila maras cin wuta, da na'urar da ke nuna ma direba hanya ta tauraron ɗan Adam.

Abin da yake sabo shi ne, yanzu masana sun iya riƙe ƙwayoyin nan ɗaya-ɗaya, su sa su aiki. Kwamfutar da muka sani tana lissafi ne da alamu biyu kawai, 0 ko 1, kamar dalar da aka aje a kan tire, ko dai fuska ce a sama ko baya. Ita kuwa kwamfutar kwantum tana aiki da abin da ake kira kubit, wanda za a iya kwatanta shi da dalar da aka murza tana juyawa: kafin a daɓa mata hannu, fuska da baya duka suna cikin lissafi. In aka haɗa irin waɗannan da yawa suka yi aiki tare, akwai wasu lissafai na musamman da za su iya warwarewa waɗanda kwamfutar yau za ta shekara dubbai ba ta gama ba.

A 2019 kamfanin Google ya ce injinsa mai kubit 53 ya gama wani lissafi cikin daƙiƙa 200, wanda a cewarsa babbar kwamfutar duniya sai ta yi shekara 10.000 a kansa. Abokin gasarsa IBM ya musa, ya ce kwana biyu da rabi sun isa. A watan Disamba na 2024 Google ya sake fito da wani mai kubit 105. Har yanzu dai injunan nan suna yawan kuskure, ba su kai ga shiga kasuwa kamar salula ba. Amma ana sa ran wata rana su taimaka wajen haɗa magani, da batir mai daɗewa, da takin zamani. Masana'antun taki suna cinye tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya, saboda aikin yana son zafi da matsi mai yawa. Alhali ƙananan halittun da ke maƙale a saiwar wake da gujiya suna yin irin wannan aiki a cikin ƙasa ba wuta ba inji. Masana suna fatan kwamfutar kwantum ta taimaka a gane yadda suke yi.

Makullin kuɗɗi

Ga inda zancen ya taɓa aljihun ɗan kasuwa. Duk lokacin da Alhaji ya aika kuɗɗin kaya Dubai ko Guwanzu ta banki, ko Hajiya ta karɓi kuɗɗin turare ta salula, saƙon yana tafiya ne a kulle da makullin lissafi. Ɗaya daga cikin manyan makullan ya dogara ne a kan wata dabara mai sauƙin ganewa. In aka ce ma mai shago 89 sau 97 nawa ne, nan take zai ce 8633. Amma in aka ba shi 8633 aka ce ya nemo lambobi biyu da suka haife ta, sai ya ɗan zauna. To, in lambar ta kai tsawon layi goma na takarda, babu kwamfutar yau da za ta iya nemo iyayenta.

A 1994 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Peter Shor, ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai cikakken ƙarfi za ta iya buɗe wannan makulli. Irin wannan injin bai samu ba tukuna, amma ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Agusta na 2024 hukumar awo da ma'auni ta Amurka, NIST, ta fitar da sababbin makullai guda uku waɗanda aka tsara don su jure ma injin kwantum. Ke nan sai an bi bankuna da kamfanonin waya da ofisoshin gwamnati na duniya duka ana canza musu makulli. Wannan aikin shekaru ne, kuma mutane ne za su yi shi. Ƙasar da ba ta da nata masu wannan sani, sai ta yi hayar na waje da tsada, ta kuma ba baƙo amanar makullin taskarta.

Kuɗɗi sun samu, mutane sun yi kaɗan

Tarayyar Turai ta buɗe nata shiri a 2018, da euro miliyar 1 na shekara goma, wato kamar sefa miliyar 656. A watan Disamba na wannan shekara Amurka ta kafa doka ta musamman, ta ware kusan dalar Amurka miliyar 1,2 na shekara biyar. A watan Janairu na 2021 shugaba Macron na Faransa ya bayyana shirin euro miliyar 1,8, abin da ya haura sefa miliyar 1100. Ingila ta biyo baya a 2023 da fam miliyar 2,5 na shekara goma. Indiya ma ta kafa nata a wannan shekara.

Abin lura a nan, kowane ɗaya daga cikin shirye-shiryen yana da babi na horar da mutane. Faransa ta ce tana son horar da mutum 5000, tun daga teknisiya har injiniya da mai doktora, kuma tana fatan samar da guraben aiki 16.000 kafin 2030. Ingila ta yi alkawarin ɗaukar nauyin ƙarin ɗalibai 1000 masu zurfin bincike. Amurka kuwa a 2020 ta haɗa gwiwa da kamfanoni don shigar da darussan farko na kwantum a makarantun ƙananan yara da na sakandare, sa'an nan a 2022 ta fitar da tsari na ƙasa baki ɗaya kan samar da ma'aikatan wannan fage.

Dalili a fili yake. Wani binciken kamfanin McKinsey da ya fito a 2022 ya nuna cewa a kan kowane gurbin aiki uku na kwantum, mutum ɗaya ne kawai ake samu wanda ya cancanta. Ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa in masu saye uku suka taru a kan buhu ɗaya. Albashi ya hau, kamfanoni suna zawarcin malaman jami'a, jami'o'in kuma suna rasa wanda zai koyar da na baya.

Kuma ba a iya gaggauta abin. Inji ana iya yin odarsa yau ya iso baɗi. Amma yaron da ya samu bakaloreya bana, sai ya yi shekara uku na lisansi, biyu na masta, uku ko huɗu na doktora, kafin a ce ya zama mai bincike. Shekara takwas zuwa tara ke nan, ba a ma lissafa shekara goma sha uku da ya yi daga aji na farko ba. Mai binciken da za a nema a 2040, yanzu haka yana kan benci yana koyon raba lamba.

Ba masu doktora kaɗai ake nema ba

Da farko an ɗauka cewa wannan fage na manyan farfesoshi ne kawai. Da kamfanoni suka soma ƙera injuna sai aka ga ba haka ba ne. A 2024 wata cibiya ta birnin Chicago mai suna Chicago Quantum Exchange ta bi sanarwar neman ma'aikata sama da 5000, ta tarar kusan biyu cikin uku na ayyukan da kamfanoni ke tallatawa, mai digirin farko ko ma wanda bai kai nan ba yana iya nema.

In aka dubi injin kansa za a gane dalili. Irin wanda IBM da Google ke yi ba ya aiki sai an sanyaya shi zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, sanyin da ya fi na sararin samaniya. Firigon mai sayar da ƙanƙara bai cika wuce 18 ƙasa da sifiri ba. Don haka kowane inji yana rataye ne cikin wani irin firigo na musamman, mai bututu da famfo da ɗaruruwan wayoyi. Ana buƙatar wanda zai haɗa wayoyin nan ba kuskure, da mai walda mai tsabtar hannu, da wanda zai gano inda iska ke yoyo, da mai daidaita madubai da hasken leza, da mai rubuta umurnin kwamfuta, da mai sayar da kayan, da mai riƙe lissafin kamfani. Farfesa ɗaya yana buƙatar hannuwa da dama a bayansa, kamar yadda babban dillali ba ya rasa yaran shago da ƴan dako da direba.

Saboda haka ne aka soma buɗe gajerun kwasa-kwasai. A 2025, a garin Albuquerque na jihar New Mexico ta Amurka, wata kwalejin koyon sana'a ta haɗa kai da babban ɗakin binciken gwamnati na Sandia suka buɗe horo na mako 10 don fitar da teknisiyoyin kwantum. Abin da ake koya musu aikin hannu ne: yadda ake zuƙe iska daga cikin bututu, da yadda ake sarrafa haske, da yadda ake karanta na'urorin awo. Wannan bai yi nisa da tsarin da muka sani ba na yaro ya zauna gaban maigidansa a gareji har hannunsa ya faɗa.

Waɗanda aka bari a baya

In ma'aikata sun yi kaɗan, hankali ya ce a duba inda ba a taɓa nema ba. Ƙididdigar UNESCO ta nuna cewa a cikin masu binciken kimiyya na duniya, mace ɗaya ce cikin kowane mutum uku. A fannin fizik, wanda shi ne uwar kwantum, abin ya fi haka muni. A Amurka kusan ɗaya cikin huɗu ne mata a cikin masu samun digirin farko na fizik. Baƙaƙen fata kuwa, da suka haura kashi 12 cikin 100 na jama'ar ƙasar, ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu wannan digiri ba. Tun da aka soma ba da kyautar Nobel ta fizik a 1901, sama da mutum 200 suka samu, amma mata biyar ne kawai a ciki: Marie Curie a 1903, Maria Goeppert Mayer a 1963, Donna Strickland a 2018, Andrea Ghez a 2020, da Bafaransa Anne L'Huillier a 2023.

Wannan asara ce tsantsa, domin ba a san gidan da basira za ta faɗo ba. A 1924 wani malamin jami'a a birnin Dhaka, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, mai suna Satyendra Nath Bose, ya rubuta wani ɗan gajeren lissafi ya aika ma Albert Einstein ta gidan waya. Einstein ya karanta, ya ga abin kirki ne, ya fassara shi da kansa zuwa Jamusanci ya sa aka buga. Yau wani babban rukuni na ƙwayoyin halitta sunan Bose yake ɗauke da shi. Da wasiƙar ta ɓace a hanya, ko Einstein ya raina inda ta fito, da duniya ta yi rashi ba ta sani ba.

Don cike wannan giɓi, a watan Satumba na 2020 kamfanin IBM ya buɗe wata cibiya tare da jami'o'i 13 waɗanda tun asali aka kafa su don baƙaƙen fatar Amurka, jami'ar Howard ta birnin Washington tana jagora. Ɗalibansu suka samu damar aiki da injunan kwantum ta intanet, da kuɗɗin bincike, da masu yi musu jagora.

Sai dai siyasa ta shiga zancen. A watan Janairu na 2025 shugaba Trump ya sa hannu a kan umurnin rufe shirye-shiryen gwamnatin tarayya da aka yi don jawo mata da tsiraru, yana cewa cancanta kaɗai ya kamata a duba. Bayan nan hukumar da ke ba da kuɗɗin binciken kimiyya ta ƙasar ta soke ɗaruruwan tallafi, da yawansu na koyar da kimiyya ne ga irin waɗannan ɗalibai. Masu adawa da matakin suka ce ai ba a gane mai cancanta sai an bar shi ya shiga ɗakin jarrabawa. Muhawarar tana nan, guraben aikin kuma suna jiran mutane.

Darasin ƙasar Sin

Wanda ke son ganin amfanin horar da mutum ɗaya, ya dubi labarin Pan Jianwei. Ɗan ƙasar Sin ne da ya tafi Ostiriya karatu, ya yi doktora a 1999 a hannun farfesa Anton Zeilinger, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2022. Pan ya koma gida ya kafa ɗakin bincike a jami'ar kimiyya da fasaha ta birnin Hefei. Ya riƙa tura ɗalibansa manyan ɗakunan binciken Turai da Amurka, kowa ya koyo wani ɓangare ya komo. A watan Agusta na 2016 ƙungiyarsa ta harba tauraron ɗan Adam na farko a duniya mai aika makullin sirri ta hanyar kwantum. A 2017 aka yi hira ta bidiyo tsakanin Beijin da Biyana da wannan makulli, ɗalibi a wancan gefe, ƙasar malaminsa a wannan.

Abin da ya sa aka ci riba shi ne, da ya komo ya tarar da wurin aiki, da albashi, da kayan bincike. Ƙasashe da yawa sun tura yaransu karatu waje, amma ba su tanadi abin da za su tarar ba, sai yaran suka zauna can. Kamar mutum ne ya yi kiwon rago shekara guda, ranar salla maƙwabci ya yanka.

Ina Afirka ta tsaya?

Nahiyarmu ba ta ƙera injin kwantum tukuna, amma ba ta zauna hannu rabbana ba. Tun 2016 IBM ya saka ƙaramin injinsa a intanet yadda ɗalibi daga ko'ina zai iya gwada shi kyauta. A 2019 jami'ar Wits ta Johannesburg ta zama ta farko a Afirka da ta shiga ƙawancen kwantum na kamfanin, ta kuma zama ƙofa ga wasu manyan jami'o'in nahiyar. A 2024 masanan jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu da na Sin suka yi musayar makullin kwantum ta tauraron ɗan Adam a tsawon kilomita 12.900. Mace ce, Dokta Yaseera Ismail, ta jagoranci gwajin a ɓangaren Afirka ta Kudu.

Akwai kuma cibiyar lissafi ta Afirka da ake kira AIMS, wadda masanin fizik Neil Turok ya kafa a 2003 kusa da birnin Cape Town. Ta buɗe rassa a Senegal a 2011, Ghana a 2012, Kamaru a 2013, da Ruwanda a 2016. Tana ɗaukar matasan Afirka masu digirin farko na lissafi ko kimiyya, ta ba su karatun masta kyauta, da ci da kwana. Sama da ɗalibai 3000 suka fito daga cikinta, kusan ɗaya cikin uku mata ne, kuma a reshen Kigali an kafa sashen bincike na kwantum. Ƙofar a buɗe take ga ɗan Nijar kamar kowa, in dai yana da ƙarfi a lissafi.

Mu ma ba baƙin wannan hanya ba ne. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, masanin fizik ne da ya yi karatu a Faransa ya komo gida. Ya shugabanci ofishin makamashin hasken rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, a zamanin da mutane da yawa ke ganin zancen samun wuta daga rana tatsuniya ce. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma tana ɗauke da sunansa. Yau kowace kasuwa akwai rumfar masu sayar da kayan sola, kuma matasa da yawa da sana'ar haɗa su suke ci da iyalinsu. Abin da ake ma kallon na masana kaɗai, shekara hamsin baya, shi ne ya zama haja.

Abin da ke hannun iyaye

Babu mai cewa gobe za a kafa injin kwantum a Tawa ko Birnin Ƙonni. Makarantunmu da yawa suna fama da rashin benci, da rashin malaman lissafi, da rashin ɗakin gwaji, da ɗaukewar wuta. Wannan nauyi ne a kan hukuma, kuma haƙƙin ƴan kasuwa ne, su da ke biyan haraji da patanti, su tambayi inda aka kwana. Amma akwai abin da ke hannun uwa da uba.

Hanyar duk ayyukan da muka lissafa, daga na teknisiya har na farfesa, ta cikin aji ɗaya take bi, wato ajin lissafi. Yaron da tushensa ya lalace a firamare da koleji, da wuya ya shiga seri C ko D a lise, wanda kuwa bai bi ta nan ba ko ta makarantar fasaha, ƙofofin nan sun rufe masa tun yana shekara 16. Ga ɗiya mace abin ya fi sauri: yau an ce ta ɗauki talla, gobe ta tsare rumfa, jibi ta yi reno, kafin a ankara an wuce ta da babi uku, sai a ce ai mata ba su iya lissafi ba.

Wanda ya zauna kasuwa ya san wannan magana ba ta da tushe. Hajiyar da ke riƙe adashin mata arba'in a ka, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi fashi, ta juya naira zuwa sefa kafin ɗan canji ya gama danna na'urarsa, ba za a ce ɗiyarta ba ta da kan lissafi ba. Abin da yarinyar ke buƙata shi ne lokaci: a bar ta ta je aji kullum, a rage mata talla a lokacin jarrabawa, a sama mata fitila da awa ɗaya ta karatu da dare, in da hali a biya mata malamin ƙari kamar yadda ake biya ma ɗa namiji. Yaron da hannunsa ya fi kansa sauri kuwa, kada a raina makarantar koyon sana'a. Mai gyaran firigo ko lantarki da ya haɗa aikin hannu da takardar shaida da ɗan Turancin Ingilishi, irinsa ne kamfanonin nan ke nema yau ido rufe.

Su ma manyan attajiranmu, da ƙungiyoyin ƴan kasuwa, suna da rawar takawa. Kuɗɗin da za su ɗauki nauyin yarinya ɗaya mai hazaƙa daga lise har ta gama jami'a a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai ba su kai kuɗɗin kwantena ɗaya ta kaya ba. Ƙungiyar kasuwa guda tana iya gyara ɗakin gwaji na lise ɗin garinsu, ko ta sa kyauta duk shekara ga ɗalibi da ɗalibar da suka fi kowa a lissafi.

Manyan ƙasashe, da duk dukiyarsu, sun gano cewa miliyar ba ta ɗaure waya, ba ta rubuta lissafi. Shi ya sa suka koma ƙananan azuzuwa suna neman yaran da za su riƙe musu injuna nan da shekara goma sha biyar. Irin waɗannan yara muna da su a gidajenmu, wasu suna kan benci, wasu suna bayan tire a bakin tasha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.